Kafin ku ja ruwa daga kogin da ya ƙetare iyaka: yadda muka bi hanyar daga ofis zuwa ofis

Ni ne jami'in fasaha na wata haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoman rani, kuma a kaina aka ɗora bin takardun wani aikin ban ruwa da muka daɗe muna buri. Aikin ba wani gagarumi ba ne: ɗan shinge na kankare da zai tokare ruwa ya ɗan ɗaga, gidan injuna, sai babban kanal da zai kai ruwan gonaki. Sai dai kogin da za mu ɗiba reshe ne na wani babban kogi, kuma bayan ya wuce mu yana ƙetare iyaka ya faɗa ƙasar maƙwabta. Wannan kaɗai ya sa abin da muka ɗauka zai kammala tsakanin damina da damina ya ci shekaru. Babu wanda ya zaunar da mu tun farko ya zana mana hanyar. A kowane ofis sai an gama da mu sannan mu ji sunan na gaba. Tun da yanzu wasu ƙungiyoyi suna kirana suna tambayar ta ina za su fara, na ga gara in rubuta abin a jere yadda ya faru da mu.

Mun fara da ofishin da ke ba da izinin amfani da ruwa, kamar yadda kowa ke yi. Abin da suka nema ba shi da wuya: takardar rajistar ƙungiya, shaidar mallakar filin ko amincewar masu shi, zanen aikin da sa hannun injiniya mai lasisi, da lissafin ruwan da za mu riƙa ja. Muka biya kuɗin fom, aka ba mu rasit da lambar fayil. Daga nan shiru. In na je a ce fayil yana sama, in na koma a ce ana dubawa. Ashe jami'in da fayil ɗin ya faɗa hannunsa ya buɗe taswira ya ga inda kogin ya nufa, ya san ba shi da ikon sa hannu, kuma ba huruminsa ba ne ya rubuta wa wata ƙasa, sai ya ajiye. Abin da ya kwance mana ƙullin shi ne wasiƙar bankin raya ƙasa da ya yi alkawarin ba mu lamuni. A cikin sharuɗɗansu akwai layi ɗaya da ya ce ba za su saki ko sisi ba sai sun ga shaidar an sanar da sauran ƙasashen da ke tarayya a kogin. Wannan ba baƙon sharaɗi ba ne, don Bankin Duniya ma yana da rubutacciyar ƙa'ida kan ayyukan da suka taɓa ruwan da ya ratsa ƙasa fiye da ɗaya, kuma ta haɗa har da rassan kogi. Da na kai wa jami'in wasiƙar, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Injiniya, ai abin da ya ɗaure min hannu ke nan. Ka tafi ma'aikatar ruwa ta ƙasa, ka nemi sashen da ke kula da kogunan kan iyaka."

A wannan sashen ne na fara gane abin da muke ciki. Shugabarsa, wata dattijuwa da ta daɗe tana wakiltar ƙasa a tarukan ruwa, ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Ɗana, ƙungiya ba ta rubuta wa ƙasa. Ƙasa ce ke rubuta wa ƙasa. Naku shi ne ku kawo mana abin da za mu aika, kuma ya zama abin da ba za mu ji kunya ba in an buɗe shi a can." Ta jawo kwafin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kogunan da ƙasashe ke tarayya a kansu, wadda aka amince da ita a watan Mayun 1997 amma ba ta fara aiki ba sai Agustan 2014, bayan ƙasa ta 35 ta shiga. Ta nuna min sashe na 12, inda aka ce kafin ƙasa ta aiwatar ko ta ba da izinin aikin da zai iya yi wa maƙwabciyarta babbar illa, sai ta sanar da ita a kan lokaci, tare da bayanan fasaha da sakamakon binciken tasirin aikin ga muhalli. Sashe na 13 ya ba ƙasar da aka sanar wata shida ta yi nazari, kuma tana iya neman ƙarin wata shida in nazarin ya yi mata wuya. Na 14 ya hana a fara aikin a cikin wannan wa'adi sai da yardarta. Ta kuma ja kunnena cewa yawancin manyan koguna suna da nasu hukumomin da nasu kundin, kuma shi ake fara dubawa, don wa'adi da hanyar aika takarda suna iya bambanta. Hukumar Kogin Neja mai ƙasashe tara da hedikwata a Yamai tana da kundin ruwa na 2008, Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 tana da nata na 2012, ƙasashen kogin Mekong kuma suna bin yarjejeniyar 1995.

Na ce mata, "Hajiya, amma aikinmu fa ƙarami ne, anya ya kai a tayar da ƙasa guda a kansa?" Ta ce ƙanƙanta da girma ba a jikin kankare ake auna su ba, a jikin ruwan da ya rage a watannin zafi ake aunawa, kuma mai aiki ba shi kaɗai ke yanke wa kansa hukunci ba. Ta ƙara da cewa sanarwar ba roƙon izini ba ce: maƙwabta ba su da ikon haramta mana aiki don kawai ba su so, amma in suka nuna dalili, wajibi ne a zauna da su da zuciya ɗaya. In kuma wa'adi ya cika ba su ce komai ba, sashe na 16 ya ba ƙasa dama ta ci gaba, matuƙar ta tsaya kan rabon adalci kuma ba ta jawo babbar cuta ba. Ita sanarwar ba a biyan kuɗi a kanta. Kuɗin yana cikin abin da za a haɗa a aika.

Abu na farko da ta nema shi ne tarihin ruwan kogin, don haka na nufi hukumar da ke tattara bayanan koguna. Nan akwai biya, gwargwadon tashoshi da shekarun da ka nema, kuma wasiƙar ma'aikata ce ta sa aka ba mu karatun kullum maimakon jimlar wata. Shekarun baya-bayan nan suna kwamfuta, amma tsofaffin suna cikin manyan littattafai masu bangon kwali da masu karanta ma'auni, wato ƙarfen auna tsayin ruwa da ake kafawa a kogi, suka cika da hannu: kwanan wata, tsayin ruwa da safe, tsayin ruwa da yamma. Na zauna ina buɗe shafukan a hankali, tawada ta koɗe, gara ta ci gefen wasu. Shekarun 1950 da 1960 a cike suke tsaf da rubutu ɗaya mai kyau. Daga shekarun 1980 sai giɓi ya fara bayyana, wata guda babu komai, wani lokaci shekara sukutum. A wani shafi mai karatun ya rubuta cewa ruwa bai kai gindin ma'auni ba. A wani kuma, shekaru bayan haka, wani hannun ya rubuta cewa ambaliya ta tafi da ma'aunin. Da muka je tashar da ƙafarmu, sai muka tarar da ƙarfen a tsaye cikin yashi, kogin ya karkata ya bar shi can gefe.

Wani tsohon masanin ruwa a hukumar ya karɓi zanen aikinmu ya duba, ya ga an gina lissafinsa kan matsakaicin waɗancan shekarun masu cikakken rubutu. Ya cire tabarau ya ce, "Injiniya, wannan kogin na cikin littafi ne. Na waje daban yake." Ya tuna min cewa shekarun 1950 da 1960 lokacin ruwa ne mai yawa a yankin Sahel, sai fari ya biyo a shekarun 1970 da 1980, har a 1985 kogin Neja ya daina gudu a Yamai, Tafkin Chadi kuma da ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na faɗinsa. Amma a 2020 kogin Neja dai a Yamai dai ya cika ya kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan. Matsakaicin waɗannan biyun lamba ce da babu manomin da ya taɓa gani a bakin kogi. Ya ce manyan ƙasashe ma sun faɗa wannan ramin: a 1922 jihohin Amurka suka raba ruwan kogin Kolorado bisa awon shekarun da ruwa ya yi yawa, suka raba fiye da abin da kogin ke kawowa a yawancin shekaru, kuma har yau suna fama da wannan lissafin. Na fita daga ofishinsa jikina a sanyaye, don na san zanen da muka biya aka yi mana sai an sake shi.

Daga nan sai ɗaukar kamfanin masana masu lasisi, waɗanda za su sake lissafin ruwa su kuma yi binciken muhalli. Wannan shi ne ya fi komai cin kuɗi. In ka haɗa kuɗin fom da na bayanai da na fassara da na tafiye-tafiye, ba su kama ƙafarsa ba. Bisa shawarar tsohon nan, muka rubuta a cikin kwangila cewa lissafin ya zo wata-wata, kuma ya nuna hali uku: shekarar ruwa mai yawa, shekarar da aka saba, da shekarar mummunan fari, sannan a ƙara da yadda abin zai kasance nan gaba in zafi ya ƙaru. Rahoton da suka kawo ya koya min wani abu da nake so kowa ya riƙe. Kan ruwan sama, ƙididdigogin hasashe ba su yi baki ɗaya ba, wasu na nuna ƙari, wasu ragi. Kan zafi kuwa duk sun haɗu a wuri guda. Iska in ta ƙara ɗumi da digiri ɗaya tana iya riƙe ƙarin danshi da ya kai kusan kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa ruwan kan zubo da ƙarfi a ɗan lokaci, rana kuma ta fi shanye abin da ke kwance a kogi da kanal da gona. Ma'ana, gonar da muke shayarwa yau za ta buƙaci ruwa fiye da na yau, a daidai watannin da kogi ya fi ramewa.

A cikin binciken muhalli akwai zaman jin ra'ayin jama'a, kuma ina roƙon kada a mayar da shi taron ɗaukar hoto da sa hannu. A namu zaman wani dattijon masunci ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ku kuna maganar kogi, mu guraben da ke saura muke kallo." Ya yi bayanin cewa in ruwa ya janye da rani, akwai wurare masu zurfi a cikin kwarin kogin da ba sa ƙafewa, a nan kifi ke fakewa har damina, a nan makiyaya ke shayar da dabbobi, kuma irin waɗannan guraben sun jeru har bayan iyaka. Babu ko ɗaya a taswirarmu. Muka bi shi ya nuna mana su, aka auna aka sa a rahoto. Daga baya wannan shafin ya yi mana amfanin da sauran shafuka da yawa ba su yi ba.

Da kaya suka haɗu, sai fassara, don harshen aikin maƙwabtanmu ba namu ba ne. Ka nemi mai fassara da hukuma ta san da shi, sannan ka sa injiniya mai jin harsunan biyu ya bi lambobi da ma'aunai ɗaya bayan ɗaya. Takardun suka tashi daga ma'aikatar ruwa zuwa ta harkokin waje, daga can aka rubuta wasiƙar diflomasiyya zuwa sakatariyar hukumar kogin, ita kuma ta raba wa ƙasashe. A kowane tebur fayil yana iya kwana, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. Na riƙa neman kwafi mai hatimi da kwanan wata a duk inda aka karɓa. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, a tsarin da aka bi da mu, wa'adin bai fara ƙirguwa daga ranar da muka miƙa wa ma'aikata ba, sai daga ranar da sakatariya ta tabbatar kaya sun cika kuma sun isa hannun ɗaya ɓangaren. Tsakanin waɗannan ranakun biyu akwai tazara mai tsawo da babu wanda ya sa mana ita a lissafi.

Jiran ya yi mana nauyi ƙwarai. Manoma sun ba da gudummawarsu, rani ya shigo yana wucewa, kullum waya tana ƙara. Ɗan kwangila ya zo da shawarar a fara share fili a jibge tsakuwa, wai ai share fili ba gini ba ne. Shugaban ƙungiyarmu ya ɗan karkata, ni ma ban ga laifinsa ba, don shi mutane ke tarewa a hanya. Na koma wurin Hajiya da maganar. Ta ce kul, ta ba ni labarin shari'ar Ajantina da Uruguwai a Kotun Duniya kan masana'antun sarrafa itacen takarda a bakin kogin da ke tsakaninsu. A hukuncin 2010 kotu ba ta samu hujjar cewa an gurɓata kogin yadda aka yi ƙara ba, amma ta samu Uruguwai da laifin saɓa ƙa'idar sanarwa, don ta ba da izini kafin ta bi ta hukumar haɗin gwiwarsu. Ta ce yau hoton tauraron ɗan'adam kowa na iya gani, kuma ranar da maƙwabta suka ga katafila a bakin kogi alhali takarda tana teburinsu, duk abin da muka rubuta ya zama abin zargi. Muka haƙura. Lokacin muka yi amfani da shi muka haɗa hannu da hukumar bayanai aka dasa sabon ma'auni a inda kogin yake gudu yanzu, muka fara karatu safe da yamma.

Amsa ta zo ana dab da cikar wa'adi, kuma ba irin wadda muke fata ba ce. Sun nemi ƙarin lokaci, sun kuma turo tambayoyi. Ranar da na karanta ta na rasa abin da zan gaya wa mutanenmu. Amma da na natsu na sake karantawa, sai na ga ko ni ne a gangare waɗannan tambayoyin zan yi. Nawa zai riƙa ƙetare iyaka a watannin zafi na shekarar fari? Garuruwansu da ke shan ruwa daga rijiyoyin bakin kogi fa? In ambaliya ta zo muka buɗe ƙofofin shinge, wa zai gaya musu, kuma saura awa nawa? Wa ke riƙe da ma'auni, kuma ta yaya za su yarda da karatunsa? Mafi yawan amsoshin suna cikin rahotonmu, sai muka tsamo su muka aika ta hanyar da muka bi da farko, sakatariya kuma ta sa ranar zaman kwamitin masana.

A zaman, ma'aikata ce ke magana da sunan ƙasa, ni ina bayanta da takardu. Mun shiga da lamba ɗaya, wato adadin ruwan da za mu ja a shekara. Su ma sun shigo da tasu, adadin da dole ya ƙetare iyaka ko da wane hali ake ciki. Jagoran masanansu, mutum mai sanyin magana, ya ce ta bakin tafinta, "Yallaɓai, ba mu da ja a kan shekarar da ruwa ya cika. Ku gaya mana, ranar da kogi ya koma zare, wa zai fara kashe injinsa?" Ɗakin ya yi tsit, don kowa ya ga inda matsalar take. In aka tsaya kan lambarmu, duk farin da ya zo su za su ɗauke shi su kaɗai. In aka tsaya kan tasu, mu za mu ɗauka. An yini ana kai da komowa, har murya ta fara tashi, sannan lauyar sakatariya ta nemi a ba ta dama. Ta ce yarjejeniyar Masar da Sudan ta 1959 ta ɗauki matsakaicin ruwan kogin Nilu a Aswan, a kudancin Masar, a matsayin kubik mita biliyan 84 a shekara, ta yanka wa Masar biliyan 55.5, Sudan biliyan 18.5, kuma irin wannan rabon na tsayayyar lamba shi ne ke wuyar lanƙwasawa in hali ya sauya. Sai ta kawo ta Indiya da Bangaladash ta 1996 kan kogin Ganges, wadda ke duba ruwan da ya iso madatsar Farakka a Indiya duk kwana goma daga Janairu zuwa Mayu, rabon yana sauyawa bisa abin da aka auna, in kuma ya yi ƙasa da wani mataki a raba biyu daidai. Ta ƙara da Amurka da Mekziko, waɗanda yarjejeniyarsu ta 1944 ta yanka wa Mekziko tsayayyen kaso daga Kolorado, amma a 2012 suka sake zama suka yarda kowa ya rage nasa in ruwan tafkin Mead, babban ma'ajin ruwa a kan kogin, ya sauka, suka sabunta a 2017. Sifen da Fotugal ma sun gyara tasu ta 1998 a 2008, suka sa mafi ƙarancin ruwan da zai wuce a kowane wata uku da kowane mako, don jimlar shekara ba ta hana kogi bushewa da rani.

Da wannan aka samu bakin zaren. Aka ajiye lambobin biyu, aka ɗaure abin da za mu ja da karatun ma'auni. In ruwa yana sama da mataki na farko, mu ja yadda zane ya nuna. In ya sauka zuwa na biyu, mu rage injuna mu koma ban ruwa na karɓa-karɓa. In ya kai na uku, a kashe komai ban da ruwan sha na mutane da dabbobi, wanda ita ma yarjejeniyar 1997 ta ce a ba buƙatun rayuwar ɗan'adam kulawa ta musamman in buƙatu suka yi karo. Wurin tsayar da mataki na uku ne shafin dattijon masunci ya yi aiki: aka ɗauki tsayin ruwan da zai hana guraben nan ƙafewa a ɓangarorin biyu, kuma da suka ga mun auna har waɗanda su ke amfana da su, sai fuskokinsu suka saki. Aka yarda a sa ma'auni na biyu kusa da iyaka, ma'aikatan ƙasashen biyu su riƙa karantawa, a riƙa musayar karatun ta sakatariya. Maganar ambaliya ba ta ɗauki lokaci ba, don kowa a ɗakin ya san abin da mutanen bakin Binuwai suka gani a 2012 da 2022, shekarun da ruwan sama mai yawa ya haɗu da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Shingenmu bai kai ko kusa da wannan ba, amma an rubuta sunan muƙamin wanda zai kira, da wanda za a kira, da cewa kira ya riga buɗe ƙofa. Abu na ƙarshe da aka sa, wanda ni nake ganin ya fi duka daraja, shi ne a riƙa sake duba matakan lokaci-lokaci da sabon karatun da aka tara.

Aka sa hannu a kan bayanin zaman, wasiƙar rashin ƙalubale ta biyo hanyar da tamu ta bi, ita ma da nata jinkirin. Da na kai ta ofishin izini, jami'in nan ya sa hannu ba tare da ɓata lokaci ba, aka liƙa matakan uku a jikin izinin a matsayin sharaɗi, banki kuma ya saki kason farko. Sai dai zaman da ya fi min wuya a duk tafiyar shi ne na gida, ranar da na tsaya gaban manoma na gaya musu filin da za a shayar a tsakiyar zafi ya ragu, kuma akwai shekarar da za a kashe injuna amfani yana tsaye a gona. Wani ya ce, "Injiniya, kun je kun sayar da mu ke nan?" Na ji zafin maganar, amma na fahimci inda ta fito. Na buɗe musu lissafin shekarar fari, na nuna musu cewa ko babu maƙwabta a duniya, ruwan da zai cika wancan filin babu shi a kogin a irin wannan shekarar. Muka tsayar da cewa a riƙa shuka da wuri don a girbe kafin ruwa ya sauka, a bar abin da ba ya shan ruwa da yawa ga ƙarshen rani, kuma a riƙa rubuta karatun ma'auni a allo a gidan injuna kowa ya gani da idonsa.

Wanda zai shiga irin wannan aikin, tun kafin ya biya kuɗin zane ya buɗe taswira ya bi kogin har inda ya ƙare, ko da reshe ne, ko da yana ƙafewa da rani. In ya ƙetare iyaka, sashen kogunan kan iyaka ya kamata ya zama ofishin farko, don su za su faɗi irin lissafin da maƙwabta za su nema, sai a yi zane sau ɗaya a biya sau ɗaya. A cikin jadawalin aiki a ware shekara guda ga wa'adin amsa kaɗai, ban da lokacin da takarda ke yawo tsakanin ma'aikatu, kuma a gaya wa masu gudummawa haka tun ranar farko, don jiran da aka sani ya fi sauƙin ɗauka. Duk kamfanin da ya kawo muku lamba ɗaya ta matsakaicin shekara, ku mayar masa ya kawo ta wata-wata da ta shekarar fari. Ina kuma ganin kuskure ne babba a shiga zaman tattaunawa da niyyar ɓoye bayani. Abin da ka ɓoye su ma suna da masana, za su lissafo shi, kuma daga nan ko gaskiyarka ba za su karɓa ba.

Akwai wani abu ƙarami da ba a tattauna shi a manyan zaure, amma duk tsarin a kansa yake tsaye, wato albashin mai karanta ma'auni da kuɗin gyaran ƙarfen in ruwa ya tafi da shi. Giɓin da na gani a tsofaffin littattafan nan, yawancinsa daga nan ya samo asali, kamar yadda ma'aikatan hukumar suka shaida min. Mu mun sa shi a cikin kuɗin ruwan da kowane manomi ke biya, aka ware masa asusu daban, aka kuma horar da mutum biyu don in ɗaya ba ya nan kada rana ta wuce babu karatu. Ku nemi a rubuta wannan a cikin bayanin zaman, tare da sunan hukumar da za ta riƙa duba ma'aunin bayan kowace damina.